Tambaya Rabin Ilimi: Wai Kenzo sunan mutum ne ko sunan riga?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki ya iyali. Ni mai bibiyar filin nan ce daga Damagaram, dan Allah ki taimaka mana da bayani dan abin nan ya tsaya mana a rai a gida. Ƙanena ne yake zaune a Faransa, matarsa haifaffiyar can ce, ta haihu watan jiya an samu namiji kuma shine ɗansu na fari. Mu nan gida aka yanka rago aka raɗa masa Ibrahim wato sunan marigayi Babanmu, kowa na ta murna, to sai da ya turo hoton takardar haihuwa a WhatsApp muka ga an rubuta Kenzo Ibrahim, Kenzon ne ma a gaba. Tunda Hajiyarmu taji take ta faɗa wai an sa wa jikanta sunan riga, dan yaran gida sun nuna mata rigar nan mai kan damisa da ake rubuta KENZO a ƙirji. Shi kuma yace sunan Japan ne mai ma'ana mai kyau, matar ce ta zaɓa. Anti da gaske ne? Meye ma'anarsa, ana sa wa mutane ko dai yaudararmu yake? Kuma musulmi zai iya amsa shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki, Allah Ya raya mana mai sunan Malam Ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne. Ki faɗa wa Hajiya ina gaida ta, sannan ki ce mata da ita da ɗanta kowa ya riƙe rabin gaskiya. Kenzo sunan riga ne, tabbas, amma rigar ce ta ci sunan mutum, sunan ya girmi rigar nesa ba kusa ba.

Mai rigar sunansa Kenzo Takada, an haife shi a 1939 a garin Himeji na Japan. Yana cikin maza na farko-farko da aka ɗauka a makarantar koyon tsara tufafi ta Bunka da ke Tokiyo, lokacin ana ganin harkar ta mata ce zalla. Ya shiga jirgin ruwa a ƙarshen 1964 ya nufi Faransa, ya isa Paris a farkon 1965 ba wani kuɗin kirki kuma Faransanci bai zauna masa a baki ba, a hankali yana zana samfurin kaya yana sayarwa har ya buɗe shagonsa a 1970. Daga baya kamfanin ya koma amsa sunansa na yanka, kamar dai yadda tela a unguwa zai rubuta sunansa a saman shago. A 1993 babban kamfanin kayan ƙawa na Faransa LVMH ya saye shi, shi kuma ya ajiye aiki a 1999, ya rasu a watan Oktoba na 2020 sakamakon korona yana da shekara 81. Ita rigar mai kan damisa ma da ta tayar wa Hajiya da hankali ba shi ya zana ta ba, waɗanda suka riƙe kamfanin bayansa ne suka fito da ita a 2012, kuma mafi yawan waɗanda ake gani a kasuwanninmu kin san dai ba na asali bane.

Toh yanzu ga inda abin yake da daɗi, ma'anar sunan. Japanawa suna rubuta sunayensu ne da haruffan da ake ce wa kanji, waɗanda suka aro daga Sin tun da daɗewa, kowane harafi ɗaya ma'ana ce guda ba sauti kawai ba irin namu na boko ko ajami. Saboda haka mutum biyu za su iya amsa Kenzo, a kunne iri ɗaya, a takarda kuma kowa da nasa. Sunan kashi biyu ne, ken da zo. Shi ken ana iya rubuta shi da harafin da ke nufin ƙoshin lafiya da ƙarfin jiki, ko wanda ke nufin hikima da basira, ko wanda ke nufin tawali'u, akwai wasu ma bayan waɗannan. Mai riga nasa na hikima ne. Shi kuma zo, wanda a bakinsu jan sa ake yi kamar a ce Kenzoo, mafi yawa da harafin 三 ake rubuta shi, kin ga layi uku ne a kwance, ma'anarsa uku. Wani lokacin kuma da harafin ƙira ko gini, wani lokacin da harafin rumbu. Shi yasa duk wanda ya ce miki ma'anar Kenzo kaza ce ɗaya tak, ki tambaye shi da wane harafi, in babu harafin to zaɓa kawai ya yi daga cikinsu.

Wannan ukun ita ce zuciyar maganar, kuma mu Hausawa mun fi kowa saurin ganewa. Kin san yadda gida ɗaya za a samu Muhammadu har uku huɗu sai a bambance su da Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu? To haka Japanawa suka daɗe suna yi wa 'ya'ya maza. Ichiro na fari, Jiro na biyu, Saburo na uku, Shiro na huɗu, Goro na biyar. In kuma an ɗauko ken ɗin nan sai a jera Kenichi, Kenji, Kenzo. Wato dai a taƙaice ƙaninki ya samu ɗan fari ya sa masa Salisu. Ba laifi bane, ba kuma abin kunya bane, ko a can ma ba kullum ake bin lissafin ba, shahararren ɗan wasan besbol ɗinsu Ichiro Suzuki ɗa na biyu ne a gidansu duk da harafin ɗaya na cikin sunansa, kamar yadda kema kin san Sani da yawa da ba su da wani Auwalu a gabansu, sunan kaka ko na aboki kawai suka ci. Amma dai ya kamata uban yaro ya san haka, dan wata rana yaron zai haɗu da Bajapane a makaranta ko wurin aiki, ba mamaki ya tambaye shi ina yayyensa biyu.

Akwai wani Kenzon da ni na fi so ki ba Hajiya labarinsa, domin shi sawunsa na nan kusa da mu. Kenzo Tange, mai tsara gine-gine, an haife shi a 1913 ya rasu a 2005, shi nasa ken ɗin na ƙoshin lafiya ne haɗe da ukun. Shine ya tsara dandalin tunawa da zaman lafiya na Hiroshima a wurin da bam ɗin nukiliya ya faɗa a 1945, ya tsara babban zauren wasanni na Yoyogi da aka yi amfani da shi a gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964, ya karɓi kyautar Pritzker a 1987 wadda ita ce mafi girma a wannan sana'ar. Lokacin da Najeriya ta tashi gina sabon babban birni, kamfanin wannan mutumin aka ba aikin fitar da tsarin tsakiyar Abuja. Duk wanda ya taɓa bin manyan titunan nan na tsakiyar gari da suka miƙe zuwa wajen majalisa da Dutsen Aso to a cikin tunanin wani Kenzo ya bi ko bai sani ba. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai inji wani iri, a ce yaranmu sun san sunan a ƙirjin riga amma ba wanda ya taɓa faɗa musu wannan a aji.

Sai maganar ko ana sa wa mutane. A nan akwai abin mamaki, domin a Japan ɗin kanta yanzu sunan ya yi wuya sosai, in kika ji Kenzo a can to yawanci dattijo ne ko mai shirin zama dattijo. Dalili biyu ne. Na farko yayi ya canza, akwai wani kamfanin inshora mai suna Meiji Yasuda da ke fitar da jerin sunayen jarirai duk shekara, kuma waɗanda suke ta yawo a sama a 'yan shekarun nan sune irin su Haruto da Ren da Minato, sunaye masu alaƙa da rana da furen bado da bakin ruwa, sunan lissafi kam sun bar wa kakanni. Na biyun shine ya fi taɓa ni. Kafin a samu ɗa namiji na uku ai sai gida ya cika, su kuma haihuwa ta ja baya matuƙa. A 1949 jarirai kusan miliyan 2.7 aka haifa a ƙasar, a 2023 kuwa wajen dubu 727 ne kacal, a 2024 ma ba su kai dubu 700 ba. Bayan yaƙin duniya na biyu lissafin haihuwa ya haura 'ya'ya huɗu ga kowace mace, a 2023 ya sauko 1.2. Gidan da ɗa ɗaya ne ko biyu wa za a kira na uku? Kamar a ce a wayi gari a Kano ko Damagaram an nemi Salisu da Rabi'u an rasa saboda ba wanda ke kaiwa nan, kin ga ai ba ƙaramin abu bane, tarihin ƙasa guda ne a cikin ɗan gajeren suna.

A daidai lokacin da yake dusashewa a gidansu kuma sai ya samu kasuwa a waje, musamman a inda ƙaninki yake. A Faransa da can doka ce tun ta 1803 ta taƙaita wa iyaye sunayen da za su zaɓa, yawanci na cikin kalanda da na mutanen tarihi, sai a 1993 aka saki mara kowa ya sa abin da yake so in dai ba zai cutar da yaron ba. Har yanzu kotu na iya hanawa, an taɓa yin iyayen da suka sa wa 'yarsu Nutella, sunan cakuletin nan na shafa wa burodi, kotu ta ce a'a aka mayar da shi Ella. Kenzo kuwa ya wuce lafiya lau dan an san sunan mutane ne tun asali. Ga kayan sawa ga turare, dan turarensu Flower da ya fito a 2000 ya yi tashe ba kaɗan ba, sannan a tsakiyar shekarun 2000 sunan Enzo na Italiya yana kan gaba a sunayen yara maza a Faransa, to wanda ke son wannan sautin amma baya son ɗansa ya zama Enzo na biyar a aji sai ya ƙara harafi ɗaya a gaba. Haka ya bazu har ya zama duk shekara ɗaruruwan jarirai ke samunsa. Saboda haka matar ƙaninki ba wani baƙon abu ta ƙirƙiro ba, ƙila tun tana 'yar makaranta take jin sunan a unguwarsu.

A Amurka ya fi wuya, ya daɗe baya cikin jerin sunaye dubu da hukumarsu ke fitarwa duk shekara. Ɗan fim ɗin nan Djimon Hounsou ɗan asalin Jamhuriyar Benin ya sa wa ɗansa a 2009, sai ɗan barkwanci Kevin Hart ya sa wa nasa a ƙarshen 2017, a lissafin 2018 sai ga Kenzo cikin sunayen da suka fi saurin hawa. A Afirka kuma akwai mawaƙin Yuganda Eddy Kenzo da ya ci kyautar BET ta Amurka a 2015, amma shi laƙabin waƙa ne, sunansa na yanka Edrisah wato Idrisu.

Wata ƙila wani zai ce muku daga Larabci ne, daga kanz wato taska. A'a, Kenza da ake sa wa mata a Maroko da Aljeriya ita ce ta fito daga nan, Kenzo hanyarsa daban, kama ce kawai ta sauti.

Batun halacci kuwa ni ba malama bace, wannan ku kai wa malamin da kuka yarda da shi, amma ku je masa da ma'anar a hannu kar ku ce masa sunan riga kawai. Abin da kowa ya sani shine Manzon Allah (SAW) ya ce mafi soyuwar sunaye a wurin Allah sune Abdullahi da Abdurrahman, kuma ya canza wa wasu sahabbai sunaye saboda munin ma'anarsu. A cikin ma'anonin da na lissafo miki, lafiya, hikima, tawali'u, uku, babu sunan gunki babu bautar wani babu zagi. Ibrahim ɗin ma da kuka raɗa malaman lugga sun ce asalinsa ba Larabci bane. Mu kanmu muna da Tanko da Gambo da Ɗanladi da Auta waɗanda suka danne sunan yanka har mutum ya tsufa jikokinsa basu san sunansa na gaskiya ba.

Abin da ni ya fi damuna ba a Faransa yake ba, a tsakar gidanku yake. Ki faɗi sunan da ƙarfi sau uku ki saurara. Ranar da aka kawo yaron nan hutu, kafin ya ajiye jaka 'yan uwansa yara sun mayar da shi Ƙanzo, na gindin tukunya, kuma kin san tsokanar yara in ta kama mutum har ya yi gemu bata sakinsa. Wannan ki faɗa wa ƙaninki cikin natsuwa ba da faɗa ba, dan matarsa ba yadda za a yi ta san da wannan, ita zaɓi ta yi wa ɗanta da zuciya ɗaya kuma tana da haƙƙi a kansa kamar yadda kuke da shi. Tunda Ibrahim na nan a takarda ba a jefar ba, ku roƙe shi a riƙa kiran yaron da shi a cikin gida tun yanzu yadda kunnensa zai saba da duka biyun, a makaranta ya amsa wancan a waya da ku ya amsa wannan. Ita Hajiya ma in kin duba ai ba Kenzo ba Ibrahim a bakinta, sunan mijinta ne ba zata taɓa faɗa ba, Abba ko Maigida zata ce, kuma ina tabbatar miki wanda ta sa ɗin shine zai bi shi a dangi. Dan Allah kar a bari maganar ta zama gaba da surukarku, yarinya ce mai jego a ƙasar da ba wankan jego ba kunun kanwa ba uwa a kusa.

Tambaya: Salam Anti, ni ɗalibi ne a Zariya, ina yawan kallon katun ɗin Japan kuma ina jin Kenji da Kenta da Kento da Ken. Duk suna ɗaya ne ake lanƙwasawa ko kowanne daban? Kuma Ken ɗin nan ba na Turawa bane?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Kowanne suna ne mai zaman kansa, ken ɗin gaba ne ya haɗa su kamar yadda Abdul ya haɗa Abdullahi da Abdulƙadir. Kenji sau da yawa da harafin 二 ake rubuta ƙarshensa, layi biyu, wato Sani kenan, amma ba dole ba, akwai ji mai nufin mulki ko daidaita al'amura. Marubucinsu Miyazawa Kenji da ya rayu daga 1896 zuwa 1933 ɗan fari ne, nasa ji ɗin ba na lissafi bane. Ta na Kenta harafi ne mai nufin kauri ko girma, ana son sa wa yara maza dan fatan su tashi da ƙwari. Ken na Turawa kuma gajarta Kenneth ne, asalinsa daga Sukotlan, ba abin da ya haɗa shi da na Japan sai dacen sauti, kuma wannan dacen yasa iyayen da ɗaya Bajapane ɗaya Bature suke son sunan dan kowane ɓangare na dangi zai iya faɗa ba gargada. Ka lura kuma su sunan gida suke fara faɗa kafin na yanka, a can Takada Kenzo ake cewa, mu ne a waje muke juyawa.

Tambaya: Anti barka da aiki, daga Maraɗi nake. Su Japanawa suna taron suna kamar mu? Kuma wai gaskiya ne gwamnati na hana wasu sunaye?

Amsa: Barka kadai 'yar uwa. Zaki yi mamaki, suma a rana ta bakwai suke yi, oshichiya suke ce masa wato dare na bakwai. Ba rago ba maroƙa, 'yan gida ne ke haɗuwa a ci abinci, a rubuta sunan jaririn da ranar haihuwarsa da burushi da tawada a farar takarda a rataye a inda kowa zai gani. Daga nan iyaye na da kwana 14 daga haihuwa su kai sunan ofishin ƙaramar hukuma a shigar a rajistar iyali da suke kira koseki.

Hani kuma akwai shi. Ba kowane harafin kanji aka yarda a sa a suna ba, akwai 2,136 na amfanin yau da kullum, da wasu sama da 860 da aka ware musamman dan sunaye, in kin fita daga cikinsu sai dai ki rubuta da haruffansu na sauti. A 1993 wani uba a yankin Tokiyo ya kai sunan ɗansa Akuma, ma'anarsa shaiɗan, hukuma ta ƙi, aka yi ta shari'a da cece-kuce a jaridu har daga ƙarshe ya haƙura ya canza. Sannan daga watan Mayu na 2025 sabuwar doka ta fara aiki, dole a rubuta yadda ake furta sunan a cikin rajistar, saboda wasu iyayen sun riƙa ɗauko harafi su liƙa masa karatun da ba wanda ya san shi da shi, malamin makaranta ya kalli sunan yaro ya kasa kira, ma'aikatan asibiti su ma haka. Yanzu in furucin ya yi hannun riga da harafin, ma'aikacin ofis na iya neman bayani daga iyaye ko ya mayar musu da takardar su sake.

Masu tambaya a kan sunan Aisha da Humaira da kuma wanda ya tambayi asalin Jatau, wasiƙunku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.